Inna Awadiyya Mai Tikiti Ɗaya

Duk Bahaushen da ya zauna a Alƙahira a shekarun nan, in dai ya sha miyar kuka mai ƙamshin gida, to ya san Inna Awadiyya. Amma a tambaye shi ko ya taɓa ganinta a kan titi, sai ya tsaya sosa ƙeya. Ni kaina na yi sama da shekara biyu ina haɗuwa da ita sau uku a mako, ban taɓa ganinta a wajen ƙofar metiro ba sai rana ɗaya tak. Labarin ranar nake son bayarwa, amma dole in faro daga daddawa.

Sunana Nana Khadija, 'yar Zariya ce ni. Mijina Malam Badamasi yana karatun fiƙihu a Azhar, a shekarar 2012 ya samo mana ɗaki a Abbasiya, na biyo shi da 'yarmu Mariam. 'Yar fari ce, a gida ba na kama sunanta, amma a Alƙahira babu surukar da zan yi wa kunya, sai na saki baki. Yarinyar nan ta wuce shekara biyu ba ta taka ba. Wayo kam akwai, ga surutu kamar aku, amma ƙafafu sun ƙi. In aka tsayar da ita sai su sandare, ta ɗage dunduniya, ta zube.

Aka yi mana kwatancen wani ƙaramin asibitin taimako a Ma'adi. Likitar ta duba ta, ta ce akwai fata sosai, amma sai an yi mata gashin ƙafa sau uku a kowane mako, ba fashi. Ta ce in aka yi wasa da shi a shekarun nan, jijiyoyin za su ƙara ɗaurewa, daga baya ko an dawo aikin ya yi wuya. Kuɗin asibitin ba wani abu ba ne. Zuwan ne ya zame mana bala'i.

Tasi nake hawa. Malam ya sha ce mini in gwada metiro, wato jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, na ce ko da wasa. Ni da goyo in shiga rami, cikin maza, a garin da ban san gabas ba ban san yamma ba? Shi kuma yana da darasi da safe, ba zai iya raka ni ba. Larabcina kuwa na Islamiyya ne, in na buɗe baki ina ciniki da mai tasi sai ya kwashe da dariya ya ce “sadaƙallahul azim”, sannan ya yanka mini kuɗin da ya ga dama. Wata biyu muna haka, har miyarmu ta koma ruwa.

Ran nan Malam ya zaunar da ni. Mutum ne mai sanyi, sai da ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Ya ce, “Nana, tallafin karatun nan ba zai ɗauki haya da abinci da tasi ba. In wata ya ƙare ba mu samu mafita ba, ku koma Zariya, a ci gaba da addu'a.” Na san in muka koma gida, zancen gashi sau uku a mako ya ƙare, domin daga ƙauyen su Malam zuwa asibitin da ake yinsa tafiya ce ta yini guda.

Washegari maƙwabciyata Fatuma, matar wani ɗalibi daga Damagaram, tana fama da zazzaɓi, ta aike ni karɓo mata daddawa. Na ce a wace kasuwa? Ta ce ba kasuwa ba ce. “Ki sauka cikin tashar metiro ta Abbasiya. Kada ki sayi tikiti. Ki tsaya jikin shingen ƙarfe, za ki ga wata tsohuwa mai laffaya da jakar buhu.” Na ce yau ga ikon Allah, daddawa a cikin rami.

Na sauka ina karanto duk addu'ar da na sani. Ga ta kuwa a tsaye ta ciki, shinge a tsakaninmu, doguwa, baƙa, da tsagen fuska irin na mutanen da. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, “Ke ce ta Fatuma? Miƙo hannu.” Hausarta irin ta tsofaffi ce, wadda rabona da ji tun rasuwar kakata, sai dai an barbaɗa mata Larabcin Sudan. Ta miƙo ƙullin ta saman shinge, sannan ta leƙa bayana.

“Wannan gandamemiyar budurwa kika goya? Ƙawata, sauko mana ki gaishe ni.”

Na ce, “Ba ta takawa, Inna.”

Ban san ina da hawaye da yawa haka ba. A gaban mutane, cikin tasha, na ɓarke da kuka kamar wadda aka aiko wa da rasuwa. Ta bar ni sai da na yi mai isata, tana cewa “Ma'alish, ya bitti, ma'alish.” Ma'alish haƙuri take ba ni, ya bitti kuwa a bakin mutanen Sudan yana nufin 'yata, kuma da shi ta ci gaba da kirana. Na kwashe komai na faɗa mata. Da na kawo kan tasi sai ta dafe ƙirji.

“Tasi? Daga nan har Ma'adi? Innalillahi! Mijin naki rijiyar mai gare shi?”

Na ce to ya zan yi?

Ta ɗaga yatsa ɗaya, tana nufin gine, wato fam ɗin Masar. “Gine ɗaya. Daga nan har Ma'adi gine ɗaya ne a metiro, dawowa gine ɗaya. Goyo kuma ba mai tambayarsa tikiti. Yaushe ne zuwanku na gaba?”

Na ce jibi.

“Jibi da safe ki same ni a nan. In kin ƙi zuwa, Allah ya isa tsakanina da ke a kan ƙafar ƙawata.”

Kai, tsohuwar nan ba ta iya lallashi ba. Amma na zo.

Ita ta koya mini komai, da faɗa da tsawa. A wancan lokacin kuɗin metiro ɗaya ne, ko tasha ɗaya za ka yi ko ka zagaye gari: ka sayi ɗan tikitin nan rawaya, ka zura a na'urar ƙofa, ta tofo maka shi ta gaba, ƙarfe ya juya ka wuce. In za ka fita ka sake zurawa, ta haɗiye shi, shi ke nan. Ta ce in riƙe shi kamar raina, kada in haɗa shi da waya domin yana lalacewa, kada in bar Mariam ta tsotse shi. Ta ce in riƙa sayen na mako biyu a lokaci guda, in huta da layin taga. Ta nuna mini inda taragon mata yake tsayawa, a tsakiyar jirgi, inda babu namijin da zai matse ni. Daga Abbasiya mu sauka a Ataba mu canja jirgi, mu sake canjawa a tashar Sadat, daga nan a miƙe har Ma'adi, duk a kan tikitin nan guda. Matakalar nan mai tafiya da kanta kuwa, sai da ta finciko hannuna tana cewa, “Yalla! Ba ta cin mutum!”

Da muka iso Ma'adi na zura tikitina na fita, na waiwayo ina jiranta. Sai na ga ta tsaya ta ciki, tana miƙa wa wata mata ƙullin yaji ta saman shinge. Na ce, “Inna, ba za ki fito ba?” Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, “In fito in yi me? In na fito na'ura ta haɗiye mini gine.”

A nan na gane yadda take sana'arta. A Ard al-Liwa take zaune, can cikin Giza, unguwar da ta cika da mutanen Sudan da sauran baƙi. A ɗakinta take daka yaji, ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi daddawar batso da 'ya'yan soɓo, ta niƙa busasshiyar kuɓewa, kuka kuma 'yan uwanta ke kawo mata daga Sudan. Da safe sai ta shiga metiro a tashar Buhus da tikiti ɗaya, ta bi masu sayen kayanta tasha-tasha. Ba ta talla a cikin jirgi. Kowa ya yi mata waya tun jiya, kowa ya san lokacinsa, ya zo ya tsaya ta waje, ita tana ta ciki, a yi musaya ta saman ƙarfe. Ta san tashoshin da ake iya tsallakawa ɗaya gefen a juya baya ba tare da an fita ba, ta san waɗanda in ka sauka ka shiga tarko. In ta gama ta koma Buhus, a nan kaɗai na'ura take ganin tikitinta. Ruwan shanta yana cikin jaka, in azahar ta riske ta ta shimfiɗa gefen laffaya a lungun dandamali ta yi salla.

Da na ba Malam labari, farin ciki ya kama shi, amma ɗan fiƙihu ba ya barin hali. Ya ce, “Anya zagayen nan nata da tikiti ɗaya ya halatta kuwa?” Na kai mata tambayar, don in ji bakinta. Ta ce, “Ki gaya wa Shehin naki na riga shi. Na tambayi mai sayar da tikitin da kansa, ya ce muddin ban fita ba ban sauka ba. In yana da wata fatawar, ya zo ya same ni a shinge.” Malam ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce a gaishe ta, ya janye.

Shi ne kuma ya kawo shawarar in yi ishtirak, katin nan da ake biya na wata uku a hau iya son rai, domin abokansa ɗalibai suna samunsa da arha. Inna ta ce a'a. Ta ce arhar ta mai katin makaranta ce, ni kuwa ba ɗaliba ba ce, kuma ishtirak na mai fita kullum ne. “Ke sau uku kike fita a mako. Ki biya na kwana bakwai ki hau na uku? Wannan ba arha ba ce, sadaka ce ga hukuma.” Muka bar zancen.

A cikin jirgi na san tarihinta, guntu-guntu, tsakanin wannan tasha da waccan. Kakanta ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noma don ya tara na gaba, har ya mutu yana tarawa. A garin Gadarif aka haife ta. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma takan tambaye ni ko har yanzu ana yin fura da nono a tasha, ko mata suna yin guɗa in an yi haihuwa. Mijinta Bakri mai gashin tsire ne, ya rasu, rayuwa ta yi tsanani, ta biyo 'yarta Sulafa zuwa Masar. Sulafa tana aikatau a gidajen masu kuɗi, sai ƙarshen mako take kwana a gida, don haka jikoki uku suna hannun Inna. Takan ce, “Mu dama 'yan kan hanya ne. Kakana ya shiga hanya bai fita ba, ni ma ga ni.”

Abu ɗaya ya riƙa ci mini rai game da ita. Asibitin nan daga tashar Ma'adi ba nisa, ko tsohuwa za ta taka. Na roƙe ta ya fi a ƙirga ta zo ta ga yadda ake yi wa ƙawarta gashi, ta ƙi. Wata rana na fusata na ce, “Haba Inna! Saboda gine ɗaya? Ni zan biya miki!” Ta ce, “Naki ma gine ne. Ya bitti, gine ɗaya gurasa ashirin ne a gidan burodin gwamnati. Abincin jikokina ne na yini. Ki je ki dawo ki ba ni labari, kunne ba ya biyan tikiti.” Na tafi ina ƙunƙuni, ina cewa wannan ai rowa ce. Da na huce na daina tayar da zancen.

Haka muka yi wajen shekara. Ƙafafun Mariam suka fara saki. Aka yi mata takalma masu ƙarfe a gefe, ta fara tsayawa da dafa bango. Zancen komawa Zariya ya mutu.

Sai gari ya rikice a watan Agustan 2013. Ba zan shiga zancen ba, waɗanda suka zauna a Alƙahira a lokacin sun san abin da aka gani. Abin da ya shafe ni shi ne an rufe tashar Sadat, jirgi ya wuce ta cikinta a guje ba ya tsayawa. Ya zama duk mai son canjawa zuwa layin Ma'adi sai ya bi ta tashar Shuhada, gari guda a ƙofa ɗaya. Wayyo Allah, ban taɓa ganin turmutsutsu irin wannan ba. Ranar da na gwada, Inna tana wani layin, aka matse ni a bakin tarago har na kasa numfashi. Mariam tana ihu a bayana, takalminta ɗaya ya fita aka tattake shi. Da na samu na fito, na rantse na gama da ramin nan.

Na zauna a gida mako uku. Tasi kuwa ya ƙara tsada, ko zancensa ba a yi. Ina kallo ƙafafun yarinyar nan suka fara komawa, in na miƙar da su da hannu sai ta yi kuka. Malam ya gyara takalmin wajen wani baduku, ya kawo ya ajiye. Iyayensa kuma suna ta waya daga gida, hankalinsu a tashe saboda abin da suke ji a rediyo, suna cewa a dawo musu da jikarsu. Wannan karon har Malam ya fara tambayar kuɗin jirgin sama.

Inna ta yi ta kirana ina ƙin ɗauka, don na san abin da zan sha. Rannan ta kira wayar Fatuma, Fatuma ta shigo ta manna mini a kunne.

“Ya bitti, kin mutu ne?”

Na ce, “Inna, ba zan iya Shuhada ba. Za su kashe mini yarinya.”

“Wa ya ce ki je Shuhada? Kin san tashar Damardash? Tana bayan unguwarku, a kan layin Ma'adi take. Ki taka zuwa can, ba canji, ba komai, a miƙe.”

Na ce ai da goyo tafiya ce, kuma jirgin da ke biyowa ta can da safe a cike yake maƙil, ko ƙafa ba a samun wurin sawa.

Ta ce, “Tafiyar taki ce, wurin zaman nawa ne. Gobe ki tsaya inda taragon mata na farko yake tsayawa. Duk jirgin da ba ki ji muryata ba, ki bar shi ya wuce. Khalas.” Ta kashe wayar.

Washegari na saɓa Mariam na taka har Damardash, ina haki. Jirgi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. A na gaba, tun kafin ƙofa ta gama buɗewa na ji ana kwarara kira, “Nana! Nana! Ƙawata!” Matan Masar suna ta waiwaye. Na kutsa. Ga Inna a zaune kusa da ƙofa, ta baje laffaya da jakar buhu ta cika wuri. Ta miƙe ta danna ni a kujerar, ta ɗora mini Mariam a cinya, ita ta kama ƙarfe ta tsaya.

Sai daga baya na gane abin da ta yi. Ta fito daga gida tun da sassafe, ta shiga turmutsutsun Shuhada ita kaɗai da kayanta, ta hau jirgin da ke tafiya baya, can wajen ƙarshen layi inda tarago yake da sauƙi, ta juyo ta samu kujera, ta riƙo mini ita har Damardash. Daga nan ta yi tsayuwa har Ma'adi, mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa. Na ce, “Inna, wannan wahala fa?” Ta ce, “Wace wahala? Ko sisi ban ƙara ba, tikitin nan dai ne.” A wurinta in dai ba a kashe gine ba, ba a yi asara ba. Ta juya tsarin zagayenta kaf saboda mu, masu jiranta a Abbasiya suka koma karɓar kaya da rana, wasu suka yi fushi suka daina saye. Ba ta taɓa faɗa mini ba, a bakin Fatuma na ji.

Ban san da wane baki zan gode wa matar nan ba. Ba uwata ba ce, ba dangina ba, ko garinmu ba ta taɓa gani ba. Na sha yi mata addu'a a sujada har in manta da tawa buƙatar. Malam ya daina zancen jirgin sama, ya ce wa iyayensa a ƙara haƙuri.

Muka ci gaba, sanyi ya zo ya wuce. A asibiti Mariam ta fara takawa tsakanin ƙarafa biyu, sannan da riƙe yatsan likita, sannan ta saki ta yi taku kaɗan ta faɗa kan katifa. Duk ranar da na dawo tasha, in Inna tana nan, nakan ba ta labari ta saman shinge tun kafin in shiga. Sai ta ce, “Tamam, alhamdu lillahi. Amma ni ban gani ba.” Gaskiyarta. Tun ranar Shuhada yarinyar nan ta ɗauki tsoron tasha, da mun doso ƙofa sai ta ƙanƙame wuyana, ko sauke ta na yi sai ta zauna daɓas a ƙasa. Inna takan tsokane ta, “Ƙawata, ƙarya uwarki take yi mini ko? Ke dai kin fi son hawa bayan mutane kyauta.” Mariam ta murguɗa mata baki.

Ranar da nake faɗa, wata Laraba ce a ƙarshen shekarar 2014. Mun fito daga asibiti kusan azahar, tashar Ma'adi ba cunkoso. Zanin goyona ya kwance, na sauke Mariam kusa da tagar tikiti don in gyara ɗauri. Inna tana ta ciki, jikin shinge, ta ciro ƙuli-ƙuli tana kaɗa mata daga nesa, tana cewa, “Na mai ƙafa ne, ba na 'yar goyo ba.”

Ina cikin warware zani na ji babu nauyi a jikin ƙafata inda take jingine. Na duba. Ga Mariam can ta yi gaba, hannuwa a buɗe, takalman ƙarfen nan suna ƙwas, ƙwas a kan tayil. Na buɗe baki zan kira ta, Inna ta ɗaga mini hannu, na haɗiye. Ta yi tangaɗi, ta tsaya, ta ci gaba. Wani mutum da ke sauri ya ja birki ya kauce mata. Ba ta tsaya ba sai da ta dafa na'urar ƙofa da hannu biyu.

Mai gadin ƙofar dattijo ne, ya saba ganinmu. Ya tafa hannu ya ce, “Masha Allah! Masha Allah!” Sannan ya sunkuya wajenta cikin wasa ya ce, “To 'yammata, tunda da ƙafarki kika zo, ina tikitinki?”

Ni dai ina tsaye da zani a hannu, ba na gani sosai saboda hawaye. Sai na ji ƙarar na'ura. Na goge ido. Inna Awadiyya ce ta zura tikitinta, na'ura ta haɗiye, ƙarfe ya juya, ta fito waje da jakar buhunta, rabin kayan ko rabawa ba ta yi ba. Ta rangaɗa guɗa irin wadda na ce mata har yanzu ana yi a gida, tashar ta amsa. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta nufi taga, tana kwance bakin laffaya.

Na bi ta ina cewa, “Inna, wasa yake yi! Kuma ina da tikiti a jaka, na mako biyu na saya!”

“Ajiye naki.”

Ta ajiye gine biyu a taga, ta karɓi tikiti biyu, ɗaya nata na komawa ciki, ɗaya na Mariam. Ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta sa wa yarinyar a hannu, ta ɗaga ta ta zura da kanta. Na'ura ta tofo shi ta gaba, Mariam ta ƙyalƙyale da dariya, ta bi ta ƙarƙashin ƙarfen da ƙafarta.

Na ce, “Inna, gurasa arba'in fa.”

Ta share fuska da gefen laffaya, ta harare ni. Ta ce, “Yau su ci ƙuli-ƙuli. Yalla, wuce mu tafi, ƙawata ta riga mu shiga.”